Sunan da Doyle Ya Ara

Faɗan da na yi da ƙanena Doyle Hembree a bayan gidan uwarmu muka yi shi, wata Litinin, lokacin cirar auduga, shekarar hamsin da shida. Na same shi yana faskare. Ban yi masa sallama ba, na jefa masa rigar aikin mijina a fuska, wata ruwan toka mai suna Orval ɗinke da jan zare a saman aljihu. Na ce masa jiya an karanta sunan mijina a gaban jama'a, an fitar da shi daga ikilisiya, shi kuwa yana zaune a benci na biyu da littafin waƙa a cinya, ko tari bai yi ba.

Ya ce, "Yaya Ozella, ki yi a hankali, Mama za ta ji."

Na ce, "Ta ji mana. Ita ta haife ka, ni goyo kawai na yi."

Ya ajiye gatari, ya ɗauki rigar ya ninke ta tsaf kamar wanda zai sa a akwati. Ya rantse mini zai tashi a coci ya faɗi gaskiya, in dai na bar shi a gama bikinsa, saura mako shida. Na kira shi matsoraci, na kira shi ɓarawon suna, na kira shi wasu abubuwan da ba zan maimaita ba tunda yanzu yana ƙasa. Mako shidan nan shekara talatin da tara ya zama.

Doyle shi ne autanmu, mu bakwai. Ubanmu noma yake yi a gonar wani, in an cire auduga a raba, kuma ya mutu Doyle bai kai shekara biyar ba. Tun yana rarrafe hannunsa ba ya zama wuri ɗaya. Bokiti, murfin tukunya, bayan alfadari, duk abin da ya tarar sai ya kaɗa. A cocinmu ba a hana gita da tafi ba, in dai akwai sunan Ubangiji a cikin waƙar. Amma rawa, sinima, jan baki da kiɗan gidan rawa, waɗannan hanyar wuta ce kai tsaye, kuma Fasto Lathan ya san duk wanda ya bi ta. Mama ta fi faston ma zafi.

Da ya kai shekara ashirin da biyu yana aiki a shagon gyaran taya, a nan ya sami wani ƙaton goge, irin wanda ake tsayarwa a ƙasa ya fi mutum tsawo, wanda makaɗa ke kira bas. Wani ne ya bar shi a shagon bai dawo ba. Doyle ba ya goga shi. Jan tsirkiyar yake yi ya sake ta ta mari katako, ya bi ta da tafin hannu, sai ka ji kamar mutum biyu, ɗaya na kiɗa ɗaya na sara itace. A bayan tarin tayoyi yake ɓoye shi. A nan Royce Maddry ya ji shi. Yau ko a ina ka ambaci Royce an san shi, amma a lokacin direban motar burodi ne mai kunnuwa fato-fato, da gita a bayan kujera. Ya ce wa Doyle akwai wani ɗan ɗaki a birnin Memphis, ƙetaren kogi, da ake ɗaukar murya, ran Asabar za su gwada shi, yana neman mai bas.

Doyle ya so ya ƙi. Yana neman Wilma Faye, 'yar Fasto Lathan, har an sa rana. Amma hannun ya fi ƙarfinsa. Ran Asabar ya ari a-kori-kurar mijina, ya ce zai kai tayoyi ƙetaren kogi. A hanya mota ta yi zafi, ya buɗe ta, baƙin mai ya ɓata masa riga. Rigar aikin Orval na rataye a bayan kujera, sai ya saka.

A bakin ɗakin ɗaukar muryar akwai wata mata da takarda, tana rubuta sunayen makaɗa. Ta kalli aljihunsa ta ce, "Orval wa?"

Ya gaya mini daga baya cewa a wannan lokacin fuskar Mama ya gani, ya ga ta faston, ya ga Wilma Faye tana mayar masa da zobe. Bakinsa ya ce Tisdale, sunan gidan su mijina. Wai ya ɗauka takardar aljihun tebur za ta shiga ta mutu a can.

Wata biyar suna ƙetara kogi. Waƙa goma sha ɗaya suka ɗauka, a tsakani suna kiɗa a gidajen rawa, kullum a-kori-kurar Orval a ƙofa, tunda Orval ba ya iya hana aro. Waƙa ta uku ta kama rediyo kamar gobara. Sai wata jarida ta buga hoton Royce, a ƙasa ta jera sunayen masu yi masa kiɗa, har da na Orval. Matar wani dattijon coci ta yanko wurin da almakashi ta kai wa fasto, ta haɗa da labarin motar.

Orval mutum ne mai in'ina, in ya fara magana sai ka sha ruwa ka dawo bai kai tsakiya ba. Ko tafi a coci sai nasa ya saɓa da na mutane, yara na dariya. Na gaya wa fasto haka. Ya ce Shaiɗan a dare ɗaya yake koya wa mutum abin da malami zai shekara yana fama.

Al'adarmu Lahadi uku ake ba mai laifi. Ya fito gaba ya ce ya yi, ya tuba, a yi masa addu'a, shi ke nan. In ya ce bai yi ba, ya faɗi wanda ya yi. Orval ya ce mini ba zai tsaya a ɗakin Allah ya ce ya yi abin da bai yi ba, ƙarya ce. Ba zai kuma kira sunan yaron ba, zuciyar Mama ba ta da ƙarfi, labarin zai kashe ta. Ya sa na ɗora hannu a kan Littafi Mai Tsarki na yi masa alkawarin shiru. Lahadi uku yana zaune yana jiran Doyle ya miƙe. A ta ukun aka karanta sunansa, ya ɗauki hularsa ya fita ta tsakiyar mutane. Mama kuwa da zuciyarta mara ƙarfi sai da ta ƙara shekara goma sha huɗu, tana kiran Orval makaɗin Shaiɗan har ta mutu.

Mai injin gurzar audugar da Orval ke yi wa aiki dattijon coci ne, ran Laraba ya sallami Orval. Ya koma dako a tashar jirgin ƙasa, ya tashi da asuba ya dawo da duhu.

Royce ya zo har shagon taya ya roƙi Doyle su tafi yawon kiɗa, ya ce ba shi da mai hannu irin nasa. Doyle ya ƙi. Ya sayar da bas ɗin a wani gari mai nisa, aka yi biki, ya shiga aikin rabon wasiƙu. Bayan biki ya ce mini in bari Wilma Faye ta haihu. Bayan haihuwa ya ce surukin nasa ba lafiya. Daga nan ya daina cewa komai, ni ma na daina tambaya. Shekara biyu da aure aka ba shi jagorancin waƙa a coci, daga baya ya zama dattijon coci.

Ban ce Doyle mugu ba ne. Tsofaffin da yake kai wa wasiƙa har magani yake karɓo musu, ya gyara musu famfo. Ranar Kirsimeti sai mu tarar da cinyar alade a barandarmu, ba a ga mai ajiyewa ba. Orval ya ci, ni ban taɓa ci ba. In waƙar Royce ta fito a rediyon shagon aski, Doyle sai ya tuna da wani aiki ya fita, amma wanda ya bi bayansa zai gan shi a mota, yatsunsa na marin sitiyari. Bai taɓa sayen faifan ba. Bai taɓa gaya wa matarsa ba har ta mutu.

Orval bai yarda na bar coci ba, ya ce saboda yara. Duk Lahadi ya kai mu, ya ajiye mota a gindin itacen da ke gefen taga, ya sauke gilashi, ya zauna. Daga nan yake jin Doyle na ba da waƙa. In an tashi, Doyle ya fita ta ƙofar baya. Shekara goma sha tara haka. Da Orval ya mutu ba a ba shi wuri a maƙabartar coci ba, ta hukuma muka kai shi, kusa da titi. Doyle yana cikin masu ɗaukar akwatin, ya yi kuka har ya fi ni.

Shekara ashirin bayan haka, Royce ma ya mutu, sai wani kamfani a Jamus ya tattara duk abin da ya ɗauka a ɗakin nan na Memphis, har da waɗanda aka ɓata aka sake, har da tari da surutun da ke tsakani. Suka zuba a akwati ɗaya da littafi mai hotuna. A shagon aski Doyle ya ji labari. Ya yi oda, da kansa ya karɓo a gidan waya, ya kulle kansa a ɗaki kwana biyu.

Littafin ne ya kashe shi, ba kiɗan ba. Shafi biyu aka yi a kan mai bas. Wai hannun Orval Tisdale ne ya ba waƙoƙin nan ƙashi, wai samari a Turai na kwana suna koyon marinsa, wai bayan wata biyar ya ɓace, ba wanda ya san ko wane ne. Doyle yana da shekara sittin da ɗaya a lokacin, mata ta mutu, 'ya'ya sun watse, likita ya ce zuciyarsa ta kumbura. Ya duba rayuwarsa bai ga abin da ya yi wanda wani ba zai iya ba sai wannan, kuma da sunan wani. Ya rubuta wasiƙa Jamus.

Aka turo wani dogon Bajamushe mai suna Detlef, shi ya rubuta littafin. Ya gaya wa Doyle a fili cewa tsofaffi huɗu sun riga shi cewa su ne. Takardar ɗakin ɗaukar murya ta ce Orval Tisdale. Royce ya mutu, matar da ta rubuta ta mutu. Ya ce wa Doyle ya kama bas ya kaɗa, amma yatsun sun ƙage, shekara talatin da tara ba su taɓa tsirkiya ba. Saura shaida ɗaya, matar Orval. In ta ce ba mijinta ba ne, za a gyara a bugu na gaba, a sa hoton Doyle.

Ran Alhamis da la'asar suka zo mini. Ina baranda ina ɓarar wake. Doyle ya tsaya a matakala da hula a hannu, bai hau ba sai da na ce ya hau. Na ba su shayi mai ƙanƙara. Bajamushen ya buɗe littafin ya miƙo mini. Ni ban yi makaranta ba, amma wannan sunan na san kamarsa, na wanke shi a aljihun riga, na share shi a jikin dutsen kabari. Na gan shi sau tara a shafi biyun nan, na ƙirga da yatsa.

Ya kunna mini wata waƙa da aka ɓata. Ana cikin kiɗa tsirkiya ta kuɓuce, kiɗa ya tsaya, sai wata murya can baya ta ce, "Ubangiji ya ji ƙan alfadari." Royce ya tuntsire da dariya. Maganar ubanmu ce in garma ta karye. Ba wanda ke faɗin ta sai 'yan gidanmu. Doyle ya rufe ido.

Detlef ya tambaye ni ko muryar mijina ce. Na ce kunnena ya tsufa, ya dawo ran Litinin. Da ya tafi mota na riƙe Doyle.

Ya ce, "Yaya, kin ji ai. Kin san ni ne."

"Na sani tun kana fitsarin kwance."

"Kalma ɗaya za ki faɗa. Ba na neman ko sisi. Jikokina nake so su gani."

"Ran Lahadi ka tashi a coci ka faɗa, da sunan Orval, da rigar, da Lahadi ukun. In ka yi, Litinin in yi magana."

Kwana uku bai ci abin kirki ba, maƙwabciyarsa ta gaya mini. Shekara talatin da tara yana ganin ranar nan a ransa: mutane na juya masa baya, ana karɓe littafin waƙa daga hannunsa, ana nuna masa ƙofa. Ran Asabar ya goge farar riga, ya je kabarin Wilma Faye, ya dawo ya rubuta takardar ajiye muƙaminsa ya sa a aljihu, don kada ya jira a kore shi.

Ni tun mutuwar Orval ban taka cocin ba. 'Yata ta kai ni, na zauna a bencin ƙarshe. An rushe tsohon gini, an yi sabo mai sanyi. A gaba, inda Fasto Lathan ke tsayawa ya kira wuta, ganguna ne jere, da gita mai lantarki guda biyu, ɗaya a wuyan sabon faston, wanda bai kai ɗana shekaru ba. Mata da jan baki, wasu da wando.

Doyle ya miƙe lokacin shaida. Ya dafa benci. Ya faɗa, ban rage masa ba, duk ya faɗa. Ya ce shi ya yi wa Royce Maddry kiɗa a faifansa na farko, ya sa sunan mijin yayarsa, aka kori mutumin a madadinsa, shi kuwa bai tona kansa ba. Ya sunkuyar da kai yana jira.

Sai wani daga gefe ya ce, "Royce Maddry? Shi kansa?" Wani ya yi fito. Tafi ya ɓarke, har da masu miƙewa. Faston ya sauko ya rungume shi, ya ce ashe taska muke da ita a cikinmu ba mu sani ba, Allah ya riga ya yafe, kuma lallai dattijo Doyle ya kaɗa musu wani abu ranar taron shekara. Doyle ya ɗaga hannu yana cewa su tsaya, ba su gane ba, maganar Orval yake yi. Tafi ya rufe muryarsa. Matar da ke gabana ta juya ta tambayi ta kusa da ita wane ne Orval. Ɗayar ta ce ko wannan ne mai barci a mota a gindin itace, wai uwarta ta ce mashayi ne.

Na ga fuskar ƙanena a lokacin. Ya firgita, gaskiya ne. Amma da suka kewaye shi suna miƙo hannu, wani na cewa ya sa masa hannu a takarda, na ga murmushi ya kuɓuce masa. Ɗan kaɗan ne, ya yi maza ya haɗiye. Na gani. Takardar ajiye muƙamin ba ta fito daga aljihu ba.

Ran Litinin suka dawo. Doyle ya yi aski, ya zo da hotonsa na samartaka a ambulan. Detlef ya ajiye na'urarsa a kan tebur ya sake kunna maganar alfadarin, ya sake tambaya.

Na ce, "Muryar mijina ce. Orval Tisdale. In yana kiɗa in'inar ba ta kama shi."

Na shiga ɗaki na ɗauko hoton Orval, wanda yake riƙe da wata ƙatuwar tarwaɗa a bakin kogi yana dariya, na ba shi. Ya tambaye ni me ya sa ya daina kiɗa. Na ce coci ce ta kore shi a kai, ya rubuta wannan da kyau, ya rubuta shekara goma sha tara a mota. Ya ce to ƙanena fa? Na ce ƙanena mutumin kirki ne, tsufa ne, ya so mijina ƙwarai. Bajamushen ya kalli Doyle da tausayi, irin kallon da ake yi wa mai ruɗewa, ya tattara kayansa. Ya nemi a kai shi kabarin, 'yata ta kai shi.

Ƙarya na yi, na sani. Alkawarin da na yi wa Doyle na karya, na sani. Na kuma san gaban wanda zan je in yi bayani, ba da daɗewa ba. Bugu na biyu ya fito da hoton tarwaɗar. Yanzu wasu samari masu man gashi kan zo daga Turai su ajiye tsirkiya a kabarin da ke kusa da titi. Doyle bai ga bugun ba, ya mutu cikin sanyin shekarar, a maƙabartar coci aka sa shi kusa da matarsa, da ganguna da komai. Daga ranar Litinin ɗin nan ban sake magana da shi ba. Ya buga waya sau uku, ban ɗauka ba.

A ranar, bayan motar Bajamushen ta tafi, Doyle ya daɗe a tsaye da ambulan a hannu. Can ya ce, "Yaya, kin ce in na faɗa. Na faɗa. Kina wurin."

"Ina wurin."

"To me ya rage? Me kike so in yi kuma?"

Na ce, "Ba abin da ya rage, ka makara. Na tura ka ka tsaya inda Orval ya tsaya, ka tarar an rushe wurin. Shi ƙofa aka nuna masa, kai tafi aka yi maka, kuma ka ji daɗi, kada ka ce mini a'a. Kai ka ci coci da sunanka, ka ci mutunci, za ka ci kabari mai inuwa. Shi shafi biyun nan kawai ya samu, kuma ya biya su. Sauka mini daga baranda, Doyle. In ka fita ka ja ƙofar shingen, kaji na fita titi."